Hancin Hajja Zakiyya da Sabulun Rayyis Gharib

Shekara talatin Hajja Zakiyya tana sayar wa masuntan tafkin Burullus fetur a bakin gaɓa, jarinta kuwa hanci ne. Tun ranar da jirgin mijinta ya kama da wuta ya bar shi da hannu ɗaya ta kafa doka: a kashe inji, a kashe taba, kowa ya sauko sai mai riƙe da mazurari. In an gama, a buɗe cikin jirgi ya sha iska kafin a tayar. To, maza dai kun san su, ga furfura ga tumbi, amma sai an bi su da tsawa kamar awaki.

Wanda ya fi cinye mata rai shi ne Rayyis Gharib, wani tsohon matuƙin jirgin kamun kifi. Tankin man jirginsa ya tsage tun bara, maganinsa kuma sabulu: ya jiƙa, ya murza a tsagar, shi ke nan.

Wata Asabar ya ɗaure jirgi dab da gangunan manta, butar shayi tana tafasa a kan risho.

"Cika min, Hajja, kifi ba ya jira."

Ta shaƙi iska sau ɗaya, ta dire jarka.

"Kashe rishon nan! Rayyis, yoyon tankinka ya taru a ƙasan jirgi. So kake ka tashi da ni da rumfata?"

Ya kashe yana ƙunƙuni. "Ni ban ji warin komai ba."

"Ina za ka ji? Hancin da ya shekara hamsin tsakanin kifi da taba? Ai wannan ado ne kawai."

"Jiya na sa sabon sabulu. Haka ubana yake yi, haka kakana."

"Kakanka da iska yake tafiya, malam! Wane tanki gare shi?"

Masunta suka kwashe da dariya. Gharib ya kama gashin bakinsa ya rantse ruwa ne zalla a ƙasan jirgin.

"To tsoma tsumma ka kawo."

Ya kawo. Ta kai tsumman can nesa kan rairayi ta ajiye, ta sa Gharib ya wanke hannu, ta miƙa masa ashana.

"Ai ka ce ruwa ne. Ƙyasta daga nesa ka jefa."

Ina! Girman kai ya hana. Sai da ya sunkuya a kai. Ashanar ba ta ko taɓa tsumman ba, sai fuu! Ya ɗago da rabin gashin bakin da ya rantse da shi, ƙauri ya cika gaɓa.

"Wannan kam ka ji warinsa?"

Ranar ko ɗigo ba ta sayar masa ba. Ya kwance tankin, ya saɓa a kafaɗa, ya nufi wurin mai walda. Hajja ta bi shi da murya:

"Ka ce masa ya wanke shi tas ya cika da ruwa kafin ya kusanto da wuta, kar in rasa sakarkaru biyu rana ɗaya! Sabulun kuma ka wanke fuska da shi, ta fi tankin bukata."