Matar da ta wanke matan gidanmu

Inna Uulkan matar wan babanmu ce. Tana 'yar shekara sha tara aka kawo ta ƙauyenmu a kwarin At-Bashi, a bayan motar ɗibar ciyawa ta gandun gwamnati. Yanzu ta ba tamanin baya, amma har gobe in ta daka tsawa daga bakin garke sai karenmu ya shige ƙarƙashin amalanke. Allah bai ba ta haihuwa ba. Da mijinta ya rasu aka ce ta koma gidan iyayenta, ta ce ita ba tunkiyar aro ba ce da za a mayar, ta yi zamanta. Dardumar gashin tumaki take yi, kuma duk amaryar da aka kai daga gidanmu da dardumar Inna ta tafi.

Tana da wani aikin da ba a hirarsa a kan shayi. In mace ta rasu a zuriyarmu, ita ke naɗe hannun riga ta shiga da buta ta yi wa gawa wanka, ta fito ta wanke hannu, ba wanda zai ji komai a bakinta. Wannan kuwa macen da ba ta iya ganin kallabinki a karkace ta yi shiru ce. Haka kuma, kamar kowace surukar da ta san kunya, ba ta taɓa kama sunan dangin mijinta ba. Babanmu Mai Akawal take ce masa, saboda wani baƙin doki da ya mutu tun ba a haife ni ba. Ƙannen mijinta mata biyu, gwaggonninmu da suka rasu muna ƙanana, ɗaya Mai Kitso, ɗaya Mai 'Yan Kunne.

Bara da bazara yayata Zuura ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu. Shekararta arba'in da ɗaya, 'ya'yanta mata uku. Muka tafi asibiti a Bishkek, babban birninmu, mu uku, ni da ita da Baba, wanda ya ɗora farar hularsa ta zuwa biki kamar shi za a duba. Aka yi gwaje-gwaje, aka ce sankara ce. Likitar, wata 'yar siririya mai gilashi, ta jawo takarda ta ce a faɗa mata tarihin dangi.

To, ai an zo wurin Baba. A wurinmu namijin da bai san kakanninsa bakwai ba, ba a ɗaukarsa a bakin komai, Baba kuwa har gayyatarsa ake wurin sadaka ya jero na wasu. Ya gyara zama ya fara: shi Sagimbek ɗan Moldokmat, ɗan Toktosun, ɗan wane, ɗan wane. Wannan doki ya kayar da shi, wancan ya kai ɗari babu biyu da haƙoransa cif. Ya ƙare da cewa a cikinsu babu wanda wannan mugun ciwo ya taɓa.

Likitar ta bari ya gama tsaf, sannan ta ce, "Baba, sannu da ƙoƙari. Matan fa? Mahaifiyarka da 'yan'uwanka mata, me ya yi ajalinsu, suna da shekara nawa?"

Baba ya cire hula ya riƙe. Ya ce mahaifiyarsa sanyi ne ya kama ta. Ƙanwarsa ɗaya zuciya ce, ɗayar kuwa ciwon mata aka ce masa, bai tambaya ba. Likitar ta ce irin wannan ciwon yana iya biyowa ta wajen uba, ya tsallake namiji ya sauka kan 'yarsa. In yana cikin dangi, akwai gwajin jini da za ta nema, aikin da za ta yi wa Zuura nan gaba zai canza, kuma ni da 'yan matan Zuura ba za a jira shekarunmu su yi nisa kafin a fara duba mu ba. Ta ce mu je mu tambayi tsofaffin mata.

Tsohuwa ɗaya ce ta rage da ta ga su ukun. Bayan an yi wa Zuura aiki na hau mota zuwa ƙauye. Na tarar da Inna a tsakar gida tana mulmula cuku tana jerawa a kan allo don ya sha rana.

"A'a, malamar lissafi, yau makaranta ta ƙone ne? Dubi wannan wando, kamar na mai aski."

Na ce, "Inna, tambaya na zo yi. Kaka da gwaggonnina, me kika gani a jikinsu?"

Hannunta bai tsaya ba. "Mutuwa na gani. Miƙo min gishiri."

Na yi mata bayanin likita dalla-dalla. Ta ce abin da mai wanka ta gani amana ce tsakaninta da mamaciya da Allah, shekara sittin ba ta ci amanar kowa ba, ba kuma za ta fara don wata yarinya mai gilashi ba. Ni kuma Allah ya zuba min zuciya a kusa. Na ce mata abin da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni: na ce da tana da 'ya ta cikinta da ba ta fifita matattu a kan masu rai ba. Ta ɗago ta dube ni, ta ɗauki allonta ta shige ɗaki. Na koma garin Narin, inda nake koyarwa, ranar ko shayinta ban sha ba.

Da kaka aka kawo Zuura ƙauye ta huta tsakanin allurai. Gashinta ya zube, hannun hagu ba ya ɗaguwa sosai. Ran Alhamis da hantsi na hura wutar ɗakin wanka da ke ƙarshen lambu, na sirka ruwa, ina shirin shiga da ita, sai ga Inna ta naɗe hannun riga.

"Kauce, Sairagul. Ke da ko kofi ba kya wankewa ya fita."

Zuura ta yi dariya ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, ban mutu ba tukuna."

"Rufe min baki, ja'ira. Zauna."

Na tsaya ina miƙa ruwa. Inna ta zare mata riga a hankali, ta ga tabon, dogo, daga tsakiyar ƙirji har hammata. Ta jiƙa tsumma ta fara da wuya, ta gangaro kafaɗa, kamar yadda ta saba, daga dama zuwa hagu. Da ta iso wurin sai ta ajiye tsumman ta ɗora tafin hannunta. Ta daɗe a haka. Zuura ta ce, "Inna, da zafi ne ruwan?"

"Ke ce da ɗumi," in ji Inna. "Sau uku hannuna yana taɓa wannan abin a gidan nan. Ban taɓa taɓa shi da ɗumi ba."

Wallahi ban taɓa ganin hawayen matar nan ba sai ranar, ko a jana'izar mijinta. Ba ta daina wankan ba. Tana zuba ruwa tana magana, ta ce in nemo takarda in rubuta, kada in tsaya ina kallonta kamar saniya.

Surukarta, wato kakarmu, nonon hagu ne, ya fashe har ana ɗaure shi da tsumma da kitsen tunkiya, shekararta arba'in da tara. Likitan gunduma ya sani, amma a zamanin Sobiyat ba a faɗa wa mai ciwo sunan ciwonsa, maza kuwa an ce musu sanyi ne. Mai Kitso ciki ne ya kumbura kamar mai wata tara, alhali ba komai a ciki sai ruwa, tana da arba'in da huɗu. Mai 'Yan Kunne nonuwan ne duka biyu, tana da talatin da shida, ta ɓoye har mijinta bai sani ba sai wata biyu kafin ta cika.

Na ce, "Inna, me ya sa ba a faɗa ba?"

"Tsohuwa ce ta kama hannuna ta ce in rufa mata asiri. Ta ce in aka ji, ba mai neman 'ya'yanta, za a ce gidan mai mugun jini ne. Na rufa. Suka yi aure lafiya lau, na yi musu darduma, na raka su, sannan na je na wanke su ɗaya bayan ɗaya." Ta share fuska da gefen kallabi. "Allah ya yafe min wannan da na faɗa. Wancan shirun kuma ban san yadda za a yi da shi ba."

Ita da kanta ta je ta gaya wa Baba, yana gyaran sirdi a rumfa. Ban ji abin da ta ce ba. Na dai ga ya zauna a kan kututture, ya ce, "Yaya, ni aka ce min zuciya ce," ya maimaita har sau biyu. Ta tsaya a kansa har ya gama kukansa, sannan ta ce ya tashi ya buga wa 'ya'yan ƙannensa waya, duk inda suke, mata da maza, ya karanta musu takardar ba ragi.

Aka kai wa likita takarda. Aka gwada jinin Zuura, aka sami abin da ake zargi. Aka ce saura ni. Nan fa jarumar taku ta yi laƙwas. Ni da na zagi tsohuwa don ta ƙi magana, sai ga ni ina cewa jarrabawa ta matso, hanya ta yi ƙanƙara, bari a ga bayan sabuwar shekara. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Wata uku ina wanka ba na yarda hannuna ya tsaya a ƙirjina.

Wata Litinin ina cikin aji sai aka ce ina da baƙuwa. Na fito na ga Inna a bakin ƙofar makaranta, cikin babbar rigar sanyin mijinta, da ƙullin gurasa a hannu. Matar da rabonta da Narin tun ana bin layin sukari a zamanin Sobiyat. Ta ce ta riga ta kama mana wuri biyu a motar Bishkek, direba yana jira, kuma ta gaya masa in ya tafi ya bar mu sai ta tsine masa.

Na ce, "Haba Inna, ina da ɗalibai."

"Ba za su mutu ba kafin jibi."

"Inna, tsoro nake ji. In aka ce akwai fa?"

Ta kama kuncina da hannayen nan nata masu kaushi, kamar ina 'yar shekara biyar. Ta ce, "In akwai, a cire. Ke kika ce ba ni da 'ya. To ni ban san wannan ba, na dai san wadda na goya. Na wanke uku a gidan nan, kuma na girme biyu daga cikinsu. Na gaji, Sairagul. Ni nake so ku wanke, ke da yayarki, ku biyu, kuna faɗa a kaina kan wa ya zubar da ruwa. Wuce mu tafi."

Na shiga na ɗauko jakata. A Bishkek aka ga wani abu a nonona na dama, bai kai ƙwayar wake ba, likitar ta ce da an ƙara shekara ɗaya da wata maganar ake yi. Ranar da aka fito da ni daga ɗakin aiki, Zuura na gefe ɗaya da ɗan gashinta da ya fara tsirowa, Inna na ɗaya gefen. Ta sa hannu ta taɓa goshina, ta taɓa wuyana, ta taɓa tafin ƙafata, sannan ta juya ta ce wa Zuura ta rufe min ƙafa, ko ba ta ga taga a buɗe take ba.