Maɗacin da Na Hana a Sare

Ni na hana a sare maɗacin ƙofar gidanmu, kuma na daɗe ina tinƙaho da haka. Duk baƙon da ya sauka wurinmu, daga Shinkafi yake ko daga Gusau, sai na ja shi gindin itacen na ba shi labarin yadda na tsaya kai da fata har ɗan kwangila ya sauko. Yanzu bakina ba ya iya ɗaukar labarin, shi ya sa nake rubuta shi.

Layinmu a Ƙaura yana kan hanyar da ke gangarawa tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Itatuwan maɗaci shida ne a jere tsakanin titi da gidaje, tun zamanin da jirgi ke zuwa kwasar gyaɗa aka dasa su, kowanne sai mutum biyu sun miƙa hannu kafin su zagaye gindinsa. Namu ne na biyar. A inuwarsa Baba ya yi sana'arsa ta ɗinki tun kafin a haife ni. Da safe a fito masa da keke daga zaure, abokansa su taru, a yi ɗinki, a yi gardama, a yi sallah a nan kan tabarmi. Idan ana neman Baba ba a cewa a je gidansa, sai dai a ce a duba gindin maɗaci.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Sakajiki, kullum kan mashin. Wata rana na dawo da yamma na tarar an shafa wa itatuwan shida jan fenti. Wai za a ja lambatu a layin saboda ruwan damina da ke shiga gidaje, kuma itatuwan sun tsaya a hanya. Ni mutum ne mai saurin hawa, kowa a gidanmu ya sani, ni ma na sani. Ko hula ban cire ba na fara bin gida gida. Na tara dattawa, muka je wurin mai unguwa, na yi ta zuba har da Turancin da ba wanda ya tambaye ni. Ɗan kwangilar ya gaji da ni, ya ce shi ke nan, ba za a sare ba, lambatun zai bi ta jikinsu, saiwoyin gefen titi kawai za a datse. Muka watse ana sa mini albarka.

Kwana biyu leburori suna sara da gatari. Saiwar namu wata ta kai kaurin cinyar babban mutum, cikinta ja wur, layin duk ya ɗauki warin ɗaci. Mata suka riƙa aiko wa a tsinto musu guntaye, wai maganin zazzaɓi da ciwon ciki. Har daga wasu unguwanni an zo ɗiba. Ni kuwa ina tsaye bakin rami hannu a ƙugu, sai ka ce ni na dasa su.

A makon ne Kawu ya zo cin kasuwa. Ƙanen mahaifiyata ne, tsohon malamin daji mai kula da itatuwa, yana zaune can wajen Zurmi. Mutum ne marar yawan magana, irin wanda shirunsa ke ba ni haushi. Ya tattare riga ya sauka cikin ramin, ya shafa bakin saran, ya daɗe a durƙushe. Da ya fito sai ya jingina bayansa da itacen ya taka a hankali har ƙofar zaurenmu, yana ƙirgawa a ƙasan maƙoshi, sannan ya juyo ya ɗaga kai ya dubi ƙololuwar. Ya tambaye ni abin da nake shirin yi. Na ce dakalin siminti zan zagaye shi da shi, Baba ya samu wurin zama na mutunci. Ya ce kada in rufe masa gindi, kuma in sa a rage masa rassa ko da rabi ne, don nauyin da ke sama ya fi ƙarfin abin da aka bar masa a ƙasa.

Na ce masa, cikin wasa amma da gatse a ciki, ai su malaman daji ba su iya ganin itace a tsaye ba sai hannunsu ya yi ƙaiƙayi. Bai yi dariya ba.

"Icce ba shi nuna ciwonai da wuri," in ji shi. "Ka dai ƙirga taki nawa ne tsakaninshi da zaurenku."

Na ce zaure ai ba inda za shi. Ya karkaɗe rigarsa ya shiga gaida Inna.

Na yi dakalina, mai faɗi, mai kyau, har da ɗan tudu na jingina. Maginin ya bar rami ɗaya kamar bakin tulu a jikin gindin, ta gefen titi, daidai inda aka yi saran, don itacen ya riƙa shan ruwa. Nan ramin ya zama wurin alwala. Duk sallolin da ake yi a majalisar, a bakinsa ake tsugunawa, wanda ya rage ruwa a buta ya juye a ciki. Dattawan suna cewa sadaka ce ga itacen, tunda an zalunce shi. Mai shayin da ke gefe shi ma nan yake zubar da ruwan wanke kofuna. Wallahi da kyakkyawar niyya muka yi ta yi, shekara da shekaru, rani da damina wurin bai taɓa bushewa ba.

Shekara ta farko ba abin da ya faru. Ta biyu ma haka. A ta huɗu maɗacin ya yi fure ya yi 'ya'ya irin wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, ƙwallayen suna fashewa suna zubo wa Baba a kan ɗinki. Na aika wa Kawu da saƙo ta bakin wani direban Zurmi, na ce a gaya masa majinyacinsa ya haihu. Direban ya dawo ya ce Kawu ya ji, ya ce a tambaye ni ko ƙololuwar ta fara yin sanƙo. Na ɗaga kai na duba. Ta fara, kaɗan, ta gefen titi. Ban mayar da amsa ba.

A damina ta bakwai na farko a jerin ya faɗi, cikin hadari, ya rushe bangon shagon mai injin niƙa ya kashe awaki biyu. Ina makaranta, kafin in dawo an fara daddatsa shi ana rabon itacen wuta. Muka ce iska ce. Na biyu ya bushe daga sama, masu gidan suka sa aka sare. Bayan shekara biyu na uku ya kwanta a kan katangar wani gida, muka ce guguwa ce ta murɗe shi. Na huɗu ma aka sare. Layin da ake shiga a ji sanyi ya koma fili fetal, rana tana dukan ƙofofi tun hantsi. Duk wanda ya wuce sai ya ɗaga kai ya dubi namu, sannan ya gaida Baba.

A lokacin idanun Baba sun tafi, yanar ido ta rufe su duka biyu, an mayar da keken ɗinki ɗaki. Abin da ya rage masa a duniya dakalin nan ne. Yana zama ta gefen titi, bayansa jikin itacen, don ya ji takun mutane ya gane su tun kafin su yi sallama. Abokansa wasu sun rasu, wasu ƙafa ta hana. Saura mutum biyu ko uku, cikinsu har da wani tsohon mahauci da suka taso tare, wanda kullum sai sun yi faɗa a kan wa ya girmi wani.

Ni kuwa na fara ganin abubuwan da ba na so. Naman kaza mai tauri, ruwan ƙasa, ya fito a gindin hawa hawa, in na kankare ya dawo. Gara ta ja hanya ta hau. Ramin alwala ya fara wani wari mai tsami, kuma in an juye buta ba ka jin ruwan ya tsaya, sai ka ji ya wuce can ƙasa kamar an zuba a rijiya. Dakalin ya tsage. Wani busasshen reshe ya faɗo a titi ya lotsa rufin wata mota. Tsoro ya shige ni sosai, irin wanda ke hana mutum jin daɗin tuwo. Ni da na hana a sare, ni na koma ina yawon neman takardar izinin sarewa. Aka ce in dawo. Masu injin yankan da muka sani mutanen Badarawa ne, hanya kuma ta lalace da tsoron 'yan bindiga, ba mai fitowa sai dole. Suka ce in bari ruwa ya ɗauke. Kawu ma ya fi shekara bai shigo Ƙaura ba, ni kuma girman kai ya hana ni nemansa.

A lissafina, in zai faɗi titi zai faɗa. Kujerar da ƙafarta ta karye ai ta gefen karayar take kifewa. Nan aka sare, nan ya bushe, nan rassa ke zubowa, kuma nan Baba yake zama.

Wata yamma bayan la'asar, cikin marka, Baba ya ce in zo in zauna kusa da shi. Na zauna. Iska ce 'yar kaɗan, wadda ko tabarma ba za ta ɗaga ba. Sai na ji simintin da ke ƙarƙashina ya ɗago a hankali, ya tsaya, ya koma. Ya sake.

"Ka jiya?" in ji Baba. "Ta nan yaka ɗagawa, gefen titi. Ka ga ke nan in za shi tahi..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na miƙe na rufe shi da faɗa, a gaban mahaucin, a gaban mai shayi. Na ce ya san da haka yake zaune yana jiran ya kashe kansa ya bar mu da abin faɗi? Na ce daga gobe zaure zai zauna, in kuma na sake ganinsa a dakalin nan da diga zan farfasa shi. Tun da na zo duniya ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya lalubi sandarsa.

"To, Malam," ya ce. Da Malam yake kirana in zai zolaye ni. Ranar babu zolaya a ciki.

Na shimfiɗa masa buzu a zaure, kusa da ƙofa, inda zai riƙa jin titi. Zauren ƙasa ne, rufin azara, kakana ya gina shi, a ganina ba inda ya fi shi aminci. Ya zauna bai yi musu ba. Ni kuma kunya ta kama ni. In zan fita sai in gaishe shi a tsaye in wuce da sauri. Sau biyu ya ce, Malam zo ka zauna mana, na ce ina zuwa, na tura mashin na fice.

Kwana goma sha biyu ya yi a zauren. An yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, ran na huɗu gari ya washe, ko ganye ba ya motsi. Muna hutun makaranta, ina tsakar gida bayan azahar ina gyaran igiyar shanya. Abin da na fara ji ba ƙara ba ce, wani sauti ne kamar ana keta sabon yadi, a hankali, ya daɗe. Sannan ƙasa ta girgiza, Inna ta saki kwano.

Ba titi ya faɗa ba. Kan zauren ya kwanta, tsakiyar jikinsa daidai kan rufin. Da hannu muka riƙa tonon ƙasa, mutanen layi suka kawo shebur da gatari. Mun samu Baba da rai, azara biyu sun danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa, yana salati a hankali. A waje kuwa dakalin gefen titi ya tashi tsaye ya fi mutum tsawo. Mahaucin, wanda tun da aka kori Baba ya gaje masa wurin zama, ya zame ya faɗa lambatu. Ya fito da ƙujewa a gwiwar hannu, shi ke nan abin da ya same shi.

Kawu ya shigo mota ya zo washegari, duk da hanyar. Bayan ya dawo daga asibitin da aka kwantar da Baba ya kira ni gindin itacen. Saiwoyin gefen gida suna nan da ƙarfinsu, sun lanƙwashe kawai. Na gefen titi babu su. Inda aka yi saran ya zama baƙi, jiƙe sharkaf, ya sa hannu ya damƙo ya murje kamar dusa, ruɓar ta ci har cikin gindin. Ya ce ruwan da muka yi ta ɗurawa a kan ciwon a ƙarƙashin siminti shi ya ƙarasa aikin gatari. Ya ce saiwa igiya ce, kamar ta rumfar biki, in ka yanke ta wannan gefe, can gefen rumfar take faɗawa. Bai tuna mini maganar taki ba, ni na tuna da kaina. Daga nan ya taka zuwa na shida, wanda ke nan tsaye kore shar, ya yi wa mazauna gindinsa bayani. Suka ɗaga kai suka dubi ganyen, suka yi masa godiya, suka ci gaba da zamansu.

Baba ya yi kwana tara a gadon asibiti kafin ya rasu. Ran na takwas da hantsi ya ɗan samu sauƙi, ya sha kunu. Na ja kujera na zauna kusa da kansa, na tambaye shi abin da ya so gaya mini ran nan.

"Wai in ce maka gida za shi hwaɗo," ya ce. "In yana ɗagawa ta titi, ai gida ya nuhwa."

Na ce to me ya sa ya yarda ya zauna a zauren, ya sani? Muryata ta fara tashi, na danne ta.

Ya lalubo hannuna ya riƙe. "Ban taɓa jin ka yi mini tsawa ba. Na ce tsoro ne ya kama ka, bari in zauna inda hankalinka za shi kwanta, in ka huce ka zauna in hwaɗa maka."

Ya ɗan numfasa.

"Ba ka sake zama ba, Malam."