Inda Yake Zuwa Ranar Alhamis

A makarantarmu ta sakandare da ke Ƙaura Namoda, malamai ne ke zaɓen shugaban ɗalibai. Idan 'yan aji shida sun kusa fita, sai a ɗauko mutum huɗu daga aji biyar, a shigar da su ɗakin malamai ɗaya bayan ɗaya, a yi musu tambayoyi. Wanda ya dace, ranar Litinin a asambuli za a ɗora masa jar hula gaban kowa. A shekararmu duk makaranta ta san tseren na mutum biyu ne, ni da abokina.

Abokin nan nawa Bafillace ne. Rugarsu tana wajen Kasuwar Daji, shi kuma yana zaune cikin gari gidan kawunsa saboda karatu. Benci ɗaya muke zama tun aji ɗaya. Yana ce mini Kaɗo, ina ce masa Ɗan Fillo, ba wanda ke jin haushi. Ya fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba, ni kuma na fi shi baki. Aibinsa ɗaya ne: ba ya zuwa makaranta ranar Alhamis. Ni ne monita, rajistar aji a hannuna take, kuma na san dalili. Mahaifinsa ƙafa ta hana shi tafiya, don haka shi ke raka dabbobinsu a mota zuwa kasuwar Shinkafi. A wani hutu ma na bi shi, muka wuni cikin kara, inda ake cinikin dabbobi, da muka dawo mahaifiyarsa ta dama mana fura.

Ranar tambayoyin shi ya fara shiga. Ina tsaye a baranda ina jin malamai na dariyar jin daɗi. Da na shiga, malamin ladabtarwa ya dube ni ya ce, “To, kai mi za ya sa mu ɗauke ka mu bar abokinka?”

Da na ce yana fashin zuwa, na tsaya nan, da gaskiya na faɗa. Amma sai na rage murya na ce, “Malam, ni dai ku tambaye shi inda yake zuwa duk Alhamis. Da wayar da yake ɓoyewa.”

A yankinmu, a shekarun nan na 'yan bindiga, ba wanda ke buƙatar a yi masa fassarar wannan magana a kan Bafillace. Na san abin da nake nufi su ji, kuma shi suka ji. Wayar kuwa kowa a ajinmu yana ɓoye tasa, har da ni.

Ranar Litinin aka ɗora mini hula. Abokina ya fi kowa tafi. Da aka tashi ya dafa kafaɗata ya ce, “Kaɗo, to yanzu sai ka rage surutu, an ba ka mulki.”

Na ɗauka abin ya tsaya nan. Amma magana ba ta kwana a ɗakin malamai. Kafin mako biyu yara sun fara matsawa idan ya zauna. Wata safiya muka tarar an rubuta “infoma” da alli a bencinmu, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Ni na goge da hannun rigata, har na yi ta faɗa ina cewa sai na hukunta wanda ya rubuta.

A mako na uku, lokacin hutun tara, wasu 'yan sa-kai biyu suka tsaya da babur a bakin ƙofa, ɗaya da adda rataye a kafaɗa. Masu sayar da awara suka fara haɗa kayansu. Ba a jima ba aka ce shugaban makaranta na kirana.

Na tarar da su a ofis. Abokina na tsaye jikin bango. Shugaban makaranta, dattijo ne mai sanyin magana, ya ce, “Mutanen ga sun ce daga bakinka maganar ta hito. Kai aboki nai ne. Hwaɗi abin da ka sani.”

Babban cikinsu ya juyo gare ni. “Kai yaro, kar ka ji tsoro. Ina shika zuwa ran Alhamis?”

Amsar tana bakina. Kasuwar Shinkafi, na je da shi, na gani da idona, ƙarya na yi don hula. Amma malamin ladabtarwa na zaune a gefe, shi da ya ji maganata ta farko. A raina na ga ana cire mini hular a asambuli, na ga labarin ya isa gidanmu. Sai na ce, “Ni ban ce infoma ne ba. Cewa na yi a tambaye shi. Ban san inda yake zuwa ba.”

Abokina ya ɗago kai. Sai a lokacin ya san daga inda abin ya fito. A hankali ya ce, “Kaɗo, ba ka sani ba?”

Na dubi ƙasa.

Ɗan sa-kan ya ce su ba su shi, tambayoyi kawai za su yi masa. Shugaban makaranta ya tashi ya tsaya a bakin ƙofar ofis ya ce, “Yaron ga amana ne hannuna har a tashi. In kuna da magana, mu tai wurin hakimi tare, ni da ku da kawu nai.” Suka yi ta ja-in-ja, murya na hawa tana sauka. Daga ƙarshe suka fita, ƙaramin yana cewa ai makaranta ba ta kwana da yara.

Ba a jira tashi ba. Malamin aikin gona ya goya shi a babur, suka fita ta bayan gonar makaranta. Kwana biyu bayan haka kawunsa ya zo ya kwashi littattafansa. Kafin damina ta faɗi na ji rugarsu ta tashi, wasu suka ce Nijar suka nufa, wasu suka ce kudu. Bai zana jarrabawar fita ba.

Ni kuwa na yi shekarata cif ina shugabanci, ina tare 'yan makara a ƙofa, ina yi wa yara nasiha a kan gaskiya. Sai bayan shekaru na je gidan shugaban makarantar, ya riga ya yi ritaya, na faɗa masa komai. Ya ce, “Ba ni za ka roƙa ba.”

Na sani. Na tambayi dillalan dabbobi a Shinkafi da Moriki, na ba su kwatancen mahaifinsa. Har yau ban sami wanda ya san inda suke ba.