Lashi-Ƙasa da Farin Yumɓu

Shekara ashirin da uku ya yi a kamfanin abincin kaji, har aka manta sunansa na yanka. Lashi-Ƙasa ake ce masa, don duk buhun yumɓun da aka sauke sai ya dangwala ya kai harshe, sannan ya zuba cokali guda a kofin ruwa ya tsaya kallo.

Aikinsa gauraya yumɓu cikin abincin. Masara in ta sha danshi takan yi funfuna, funfunar ta bar guba mai cin hantar kaza. Yumɓun kirki, mai ruwan toka, falle-falle yake a ciki kamar littafi. Ruwa na buɗa shi, gubar ta maƙale a tsakani, kaza ta kasayar da ita. Wani tsohon likitan dabbobi ne ya koya masa. In yumɓu ya kumbura a kofi, to a zuba.

Sai aka kawo sabon manaja, ya sayo farin yumɓu mai laushi kamar hoda. A kofi ya kwanta, ko motsi.

"Ranka ya daɗe, wannan a rufe yake, ba abin da zai kama."

"Baba, harshenka ne ɗakin gwajinmu?" in ji manaja. Leburori suka kwashe da dariya. "Dubi haskensa! Zuba, ko ka miƙa wa wani shebur ɗin."

Ya zuba. Nan laifinsa ya fara.

Ƙanwarsa tana kiwon kaji ɗari uku a bayan gidanta, kuma saboda shi take sayen abincin kamfanin. Ta tare shi a bakin ƙofa.

"Yaya, na ga abincin bana ya yi haske. Lafiya dai?"

Kunya ta hana shi cewa an mai da shi abin dariya. "Lafiya lau," ya ce.

Da damina ta yi nisa ƙwai ya ja baya, kajin suka fara zubewa. Likita ya farke ɗaya, hanta ta kumbura ta yi ɗorawa. Da ƙorafi ya kai kamfani, manaja ya ce mai gaurayawa ne ya tsufa, aka sallame shi da kofinsa a leda.

Ƙanwar ta same shi zaune a tsakar gida.

"Ka gwada a kofin nan?"

"Na gwada."

"Ya kumbura?"

Ya girgiza kai.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Har yau in sun haɗu a hanya tana gaishe shi, tana tambayar ciwon ƙafarsa. Sai dai ta daina ce masa Yaya. Lashi-Ƙasa take ce masa, kamar kowa.