Barewar Mudir

A shekarar da Inna, mahaifiyata, ta zo Umara ta zarce wurinmu a Riyad, mudir ɗin maigidana, wato shugabansa a wurin aiki, ya aiko mana da cinyar barewa daga gonarsa ta bayan gari. Maigida ya shigo da ita gidanmu na unguwar Suwaidi baki har kunne, wai gazal ce, kamar yadda Larabawa ke kiranta, ba kowa ake ba wa ba. Ni kuwa na ga abin yi wa Inna gata. Na dafa, na daka, na soya dambu, na cika mata roba. Haƙoranta sun gaji, dambu shi ne namanta, ta dinga ci da shayi tana sa mini albarka.

Ana nan sai ta fara tangaɗi. In ta tashi daga sallaya sai ta dafa bango. Ga mantuwa, ta yi ta neman carbi alhali yana hannunta. Ni ma'aikaciyar jinya ce, amma da abin ya zo kan uwata sai kaina ya kulle.

Cikin wannan hali ƙanena da ke karatu a Kanada ya turo mana bidiyo ta waya. Yaron nan ba shi da aiki sai tura abin tayar da hankali. Wata dabba ce a gefen titi, ƙashi da fata, kai a sunkuye, miyau na dalala, tana tafiya tana tangaɗi. A ƙasa ya rubuta: "Cutar barewa ke nan, tana ta yaɗuwa a dajin nan."

Nan take na tuna dambun barewar da na ba Inna. A lokacin hutun aiki na zauna na karanta duk abin da na samu. Ashe ba ƙwayar cuta ba ce irin wadda muka saba. Wani furotin ne da ya lanƙwashe ba daidai ba, in ya shiga jiki sai ya yi ta lanƙwasa 'yan'uwansa har ƙwaƙwalwa ta lalace. Dabbar da ta kamu tana zubar da shi a miyau da fitsari da kashi tun kafin a ga alama a jikinta. Ya faɗi ƙasa ya zauna shekaru, wata ta zo kiwo a wurin ta ɗauka. An same shi har a garken dabbobin da ke yawo cikin ƙanƙara a arewacin Turai. Tafasa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi, kuma ba shi da magani. An rubuta cewa ba a taɓa tabbatar da ya kama mutum ba, amma idona tsallake layin ya yi.

Na kira maigida ina kuka. "Abban yara, na kashe Inna da hannuna."

"Subhanallahi! Ke dai nutsu, bari in tambayi mudir."

Mudir ya ce mafi mushkila, wato babu matsala, a gonarsa aka haifi barewar, ya haɗo da hoton garken. Na tura wa ƙanena. Nan take ya kira, dariya ta hana shi magana.

"Yaya, ai wannan barewarmu ce ta gida, 'yar'uwar akuya! Ta nan dabba ce daban, namijinta ƙahonsa rassa-rassa kamar bishiya, duk shekara yana zubar da shi. Cutar a danginsu take yawo. Ban san sunanta da Hausa ba ne, shi ya sa na ce barewa."

Na wanke shi tas, amma wallahi ina faɗan ina murmushi. Ban taɓa jin daɗin shirmen yaron nan kamar ranar ba. Na yi ta hamdala.

Da hankalina ya dawo jikina sai na yi abin da ya kamata tun farko, na kai Inna wurin likita. Maganin hawan jininta ne ya yi mata ƙarfi. Aka rage, ya ce tangaɗin zai daina, kuma ya daina. Maganar mantuwa kuwa ya ce a dinga lura da ita.

A mota muna komawa gida na kwashe labarin duka na faɗa mata. Ta yi dariya har da share hawaye da bakin mayafi. Can ta kama hannuna ta riƙe.

"'Yar nan, ki bar barewar mutane ta huta. Tsufa ne, kuma ya daɗe da zuwa. Ku ne ba kwa can gida ku gani."