Ruwan Inna a Ƙwaƙwalwar Mota

Ni ba mai yawo ba ce. In ka cire biki da gaisuwar rasuwa, sai in yi wata ban leƙa kasuwa ba, kuma ban taɓa jin na rasa komai ba, don duniya da kanta take shigo min tsakar gida ta kunne. Ina tankaɗe nake sanin wa ya wuce bayan katanga, masu kifi ne suka taso daga tabki ko amalanken masu lambu ne. Motar maigidana kuwa, wadda yake ɗaukar fasinja da kaya da ita tsakanin Madarumfa da Maraɗi, wani lokacin har Ɗan Issa, na san muryarta kamar ta ɗiyan da na haifa. In ya murɗa makulli da safe, kafin ta yi tari ta tashi, akwai wani siririn kuka da take yi daga baya, kamar sauro ya gifta kunne. Ban san ko mene ne ba. Na dai san shi ne sallamarta.

Surukata, da muke ce ma Inna, a gidanmu take zaune tun rasuwar mijinta. Ɗanta ɗaya namiji, kuma ga shi kullum bisa hanya. Tun ranar da motar ta shigo gidan ta ɗauki wata al'ada: ta karɓo rubutu wurin malamin unguwarmu, ta ƙara shi da ruwan tabki don ya yi auki, ta ba ɗanta ya kurɓa, sauran ta yayyafa ma motar tana addu'a. Kowa a garinmu ya san albarkar ruwan nan, da bayin Allah da ke kwance a kewayensa. Ba wanda ya ga aibu. Motar da ke keta ruwan sama tana ratsa kwalbati, ruwan ƙwarya zai yi mata me?

A ƙarshen wata damina motar ta soma wani hali. Da safe a murɗa, a murɗa, ta ƙi. Sai rana ta take, ƙasa ta yi zafi, ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba. Wata rana tana cikin tafiya da fasinja ta mutu a tsakiyar hanya, ta huta, ta tashi don kanta. Fasinja suka fara gudunta a tasha. Maigida ya kai ta garaji, aka canza buji, wato filogi, aka canza batir, aka wanke tanki, duk shiru.

Inna ta ce wannan ba ciwon ƙarfe ba ne, baki ne. Ta ce yayyafin bisa bai isa ba, a buɗe mata ciki. Maigida da hannunsa yake ɗaga mata kapo, wato murfin gaba, ita kuma ta bi lungu-lungu da ƙwarya tana zubawa. Akwai wani saƙo kusa da gilashin gaba inda wayoyi suka taru suka yi dami guda, nan ta fi ba ƙarfi, ta ce nan ne jijiyoyin suke. Motar na ƙara lalacewa, Inna na ƙara ruwa.

Ranar da abin ya kai min wuya, maigida ya zauna cin tuwo ya kasa. Ya ce, "Na gaji. Sayar da ita zan yi ga masu yanka motoci, in bi ayarin da za su arewa haƙar zinariya."

Na ga waɗanda suka tafi can bayan Agadas. Wasu sun dawo da tarin da ba ya jin magani, wasu ko labarinsu ba a samu ba. Na ce, "Malam, ka kira ɗan kawunka na Maraɗi mana ya duba ta."

Ya ce, "Wa? In kira wancan ya zo ya yi min dariya har shekara ta zagayo?"

Ɗan kawun nasa taubashinsa ne, ɗan ƙanen Inna, mai gyaran wutar mota. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba a yi tsiya ba, shi ya sa maigida ya zaga garaji-garaji ya tsallake nasa. Ni ba ni iya ja da shi. Na dai je ɗakin Inna na durƙusa na faɗa mata maganar arewa. Ta ce in miƙo mata salula.

Washegari da hantsi sai ga shi bisa babur, da wata ƴar jaka a rataye. Tun daga zaure yake ɗaga murya.

"Ina bawan nawa? An ce ka kashe mota kana shirin gudu!"

Maigida ya ce, "Wa ya kira mahaukaci gidana? Ka gyara babur ɗinka tukuna, tun daga gada ake jin kukansa."

"Gwaggo ta kira ni, ba kai ba. Kai ko jaki aka ba ka sai ka kashe masa batir."

Ya gaida Inna, ya sha fura, ya buɗe jakar. Ya fiddo wani abu kamar salula amma ya fi ta kauri, da igiya a jiki. Ya tsuguna ƙarƙashin sitiyari ya soka igiyar a wani rami da ban taɓa sanin yana nan ba. Na bar wankin da nake yi na matso bakin rumfa. Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Tambayarta zan yi inda ke mata ciwo, matarmu."

Na ɗauka tsiyarsa ce. Ashe da gaske yake. Ya ce motocin yanzu suna da ƙwaƙwalwa, wani ɗan akwati da ke lissafin man da za a sha da lokacin da wuta za ta kama, kuma in wani wuri ya samu matsala yana riƙewa a ransa har a zo a tambaye shi. Na ce, la'ilaha illallahu. Shekara da shekaru abin nan yana kwana a ƙofar ɗakina yana tunani, ni ina shanya barkono a bisansa.

Ya daddanna, ya jira, ya ɓata fuska. Ya ce ta ƙi amsawa sam. Ya juyo ga maigida: in ta ƙi tashi, me take yi? Maigida ya ce ba ta yin komai, juyawa kawai take. Ni kuma bakina bai iya shiru, na ce, "Ranar da za ta ƙi, ba ta yin kukan sauron nan."

Ya ce, "Wane sauro?"

Na kwatanta masa da bakina. Ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya ce pompon mai ne nake ji, wato famfon da ke tura ma inji mai, kuma ba ya motsi sai ƙwaƙwalwa ta ba shi izini. In babu kukan, to izinin ne bai fita ba. Ya zaga gaba, ya ɗaga kapo, ya nufi saƙon nan na Inna kai tsaye.

Ya cire wata baƙar roba. Ƙarƙashinta ganyen bedi ne, wato dogon yaro, ya ruɓe ya toshe hanyar da ruwa ke bi ya fita, wurin ya yi damshi kamar gindin randa. Ga akwatin nan, bai fi tafin hannu biyu ba, damin wayoyin ya shige cikinsa ta wani kai mai faɗi. Ya ɓalle kan a hankali ya juyo shi ga rana. Ya ce in zo in gani.

Ciki wasu ƴan ƙarafa ne a jere, sirara kamar allurar ɗinki, sun yi sahu-sahu. Wasu na ƙyalli. Wasu kuwa sun yi kore, irin koren da ke fitowa a tsohuwar tasar tagulla, da fari-fari kamar gishiri. Ɗaya ta cinye har ta kusa rabuwa biyu. Ya ce kowace allura da maganar da take ɗauka: wannan ta mai, wannan ta wuta, wannan ta zafin inji. Da safe raɓa ta sauka, tsatsar ta jiƙe, magana ta haɗu da magana, ƙwaƙwalwa ta rikice. Rana ta yi, wurin ya bushe, ta dawo hankalinta. Na tsaya ina kallon ɗigon koren nan da bai kai ƙwayar gero ba. Wai shi ne zai raba ni da mijina, ya kai shi cikin ramin hamada.

Sai ya shafa gefen robar da yatsa, yatsan ya fito baƙi yana danƙo. Ya shinshina. Ya ɗan taɓa a harshe. Ya dubi maigida, maigida ya dubi ƙasa.

"Wannan ba ruwan sama ba ne. Ruwan sama ba ya da ƙaro. Wa ke ba motar nan tawada?"

Inna na zaune bisa tabarma a inuwa da tasbaha, kuma kunnenta ras yake. Ta ce, "Ni ce."

Duk tsiyar taubashin nan sai ta gudu. Ya je ya tsuguna gabanta da kan wayar a hannu, ya nuna mata. Ya ce, "Gwaggo, kin san maɗigar jariri? To nan ne maɗigarta. Ko'ina na jikinta yana son ruwa, ban da nan."

Inna ta karɓa, ta kai shi kusa da ido, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Ashe da hannuna nake kora shi arewa." Ban taɓa jin muryarta ta yi ƙanƙanta haka ba.

Ya ce saura abu guda. In ruwan ya tsaya a allurai, gyara ne. In ya shiga cikin akwatin, to sai dai wani, kuma samun irinsa da zai yarda da makullin motar ba ƙaramin aiki ba ne. Maigida ya ce in ya shiga, shi kam ya gama, ayarin na nan tashi bayan Juma'a. Aka shimfiɗa farin buhu, aka ɗora akwatin, ya kwance ƙusoshin. Ni dai salati nake a zuci.

Da ya ɗaga murfin, na manta da tsoron da nake ji. Wani koren faranti ne a ciki, an zana masa hanyoyi sirara masu ƙyalli, suna tafiya suna karkata ba mai taɓa wata, da ƴan ɗakuna baƙaƙe a tsakani. Sak lambunan Jiratawa da magudanan ruwansu, in da za a ƙanƙanta su a ɗora a tafin hannu. Wane hannu ya zana wannan? Da wane ido? Inna ma ta taso ta leƙa, ta ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan Adam." Taubashi ya karkata shi ga haske, ya duba kusurwa-kusurwa, ya hura. Ya ce, "A bushe yake. Bawana, ka kwance kayanka."

Sauran aikin ya ci yinin. Ya fesa wani magani mai warin asibiti, ya goge alluran da ɗan buroshi har suka yi haske. Wadda ta cinye ya yanke ta, ya dasa wata da ya ciro daga tsohon kan waya a jakarsa, ya liƙe da dalma. Ya sa maigida ya kwashe ruɓaɓɓen ganyen da hannunsa, yana tsaye a kansa yana cewa, "Da kyau, yaro, ka iya shara." Ya shafa wani man a bakin robar ya mayar, ya ce a murɗa.

Kafin injin ya yi tari na ji shi, siriri daga baya. Na ce, "Ga sauron nan!" Ban rufe baki ba ta tashi. Inna ta rufe fuska da mayafi.

Amma taubashi ya ce kada a yi murna tukuna, ai da rana dama tana tashi, a bari sai ta sha raɓa. Ya kwana a zaure. Da aka dawo sallar asuba, gilashin duk ya jiƙe, maigida ya shiga ya murɗa. Ina bakin murhu na ji sallamarta, ta tashi bugu ɗaya. Ayarin arewa ya tafi bayan Juma'a, maigida yana tasha yana lodin buhunan albasa.

Inna ba ta bar karɓo rubutu ba. Da safen nan ta fito da ƙwaryarta ta tsaya gaban motar tana shawara. Ta tambayi ɗan ƙanenta, "To ƙafafun fa?"

Ya ce, "Gwaggo, taya ko tabkin za ki juye mata ba ta damu ba."

Tun daga ranar take zaga tayoyin tana zuba ma kowace kaɗan, sauran ta miƙa ma ɗanta ta tsaya sai ya shanye. In ta zo wucewa ta gefen gilashin gaba kuwa, sai ta janye ƙwaryar ta rufe ta da tafin hannu, ta tofa addu'arta a bushe.