Malamin Asibitin Da Ya Ƙi Karɓar "Da Sauƙi"

Abu uku na so in ceto a shekarun nan: ƙanena da muke ciki ɗaya, da aurensa, da wurin zamansa a rumfata ta albasa a Bodinga. Na san in ya dawo hayyacinsa, sauran biyun za su biyo shi.

Muryoyi yake ji. Yana cikin ɗinke buhu sai ya saki basilla ya waiga, wai ana zaginsa daga bayan rumfa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, daga baya asibiti suka ɗora shi kan allura duk wata. Ihun ya tsaya, amma sai ya shige ɗaki ya zauna kamar kayan ajiya.

A wani asibiti wajen Shagari ake yi masa allurar. Akwai malamin asibiti a can, wani siriri, da aka tura Sakkwato ya koyo sabon aiki, wai magani da hira. Dariya na yi. Ni dillali ne, baki ne jarina, ban taɓa ganin ya warkar da ko ciwon kai ba.

Da muka zauna ya ce wa ƙanena, "Yaya jiki?"

"Da sauƙi."

Haka kowa ke amsawa, ko yana bakin kabari. Har na yunƙura zan tashi, malamin ya gyara zama.

"Wannan gaisuwa ce, na karɓa. To, su fa? Mi suka ce maka yau?"

Mu a gida ba mu ambatonsu, cewa muke babu kowa, ya nemi tsari. Ƙanena ya dube ni ya sunkuyar da kai.

"Alhaji," in ji malamin, "ko za ka dubo muna farashin gero a bakin hanya?"

"Korata kake yi, malam?"

"Awo, amma da girmamawa."

Haka na riƙa zaman benci a waje. Malamin bai ɓoye mini cewa shi ma koyo yake ba, yakan buga waya ga mai koyar da shi a gyara masa. A hirarsa da ƙanena suka gano cewa raɗar da dillalai ke yi a kunne wajen yanke farashi ita ke tayar masa da abin, yana zaton da shi ake. Suka shirya yadda zai riƙa tambaya kafin ya yanke hukunci. Kafin kaka ya dawo rumfa. Wata rana ya ce mini, "Yaya, yau sun cika surutu, na ce su dakata in gama lodi." Na yi dariya har da hawaye.

Sai aka yi wa malamin canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi mutumin kirki ne, amma ba a koya masa wannan ba, ga layi har waje. Na gwada da kaina. Na zaunar da ƙanena, na yi tambayar yadda na ji an yi ta. Kunyata yake ji, ƙane ba ya buɗe wa wansa irin wannan ciki. Ni kuma shiru ba sana'ata ba ce, kafin ya buɗe baki na ba shi shawara.

Auren yana nan, alhamdulillahi, kuma ihun bai dawo ba. Rumfa kuwa sai jefi-jefi, yanzu ma ya daina zuwa. Na samu ƙanena na tsawon kakar albasa ɗaya, kuma har yau ban sami wanda zan biya ya zauna ya saurare shi ba.